Yadda Ake Gudanar da Gwaje-gwajen da Suka Dogara ga Kamun Antibodi da Antijin

Duk wanda ya taɓa yini a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kaduna a tsakiyar damina, ko a Barau Dikko, ko a Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada, ko a wata ƙaramar cibiyar lafiya a Rigasa, ya san cewa yawancin aikin da ke zuwa kan tebur bai wuce iri huɗu ko biyar ba: gwajin zazzaɓin cizon sauro, tantance rukunin jini, gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau ga masu ba da jini, sai kuma gwajin juna biyu. A ido ayyuka ne mabambanta, kowanne da kwalinsa da takardar umarninsa, amma tushensu ɗaya ne, wato antibodi ya gane antijin ya kama shi. Na rubuta wannan jagora domin ɗalibin kimiyyar gwaje-gwaje da kuma ma'aikacin lafiya na matakin farko, saboda na lura cewa wanda ya fahimci yadda wannan kamu yake ba ya tsallake mataki, alhali wanda ya haddace matakan kawai yakan sauke su ɗaya bayan ɗaya da zarar layi ya yi tsawo.

Yadda kamun yake

Antijin shi ne duk abin da antibodi zai iya ganewa ya manne masa, ko furotin ne a jikin ƙwayar cuta, ko sukarin da ke bayan jajayen ƙwayoyin jini, ko sinadarin hCG da mabiyiya ke fitarwa a jikin mai ciki. Antibodi kuma furotin ne da wasu fararen ƙwayoyin jini na jinsin B suke ƙerawa, kuma siffarsa kamar gwafa take, da gindi ɗaya da rassa biyu. An gina shi da sarƙoƙi huɗu, biyu masu nauyi da biyu marasa nauyi, kuma Rodney Porter da Gerald Edelman ne suka warware wannan tsari har aka ba su kyautar Nobel a 1972. A ƙarshen kowane reshe akwai wani gurbi wanda siffarsa ta dace da ɗan ƙaramin yanki guda na antijin, ba da antijin ɗin gaba ɗaya ba.

An saba kwatanta wannan dacewa da makulli da kwaɗo, kuma kwatancen ya yi daidai ta fuskar siffa, amma yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci ga mai aiki, wato kamun ba walda ba ne. Abin da ke riƙe su shi ne tarin ƙananan ƙarfi masu rauni: jan da ke tsakanin cajin lantarki masu kishiyantar juna, haɗin haidurojin, ƙarfin van der Waals, da kuma halin wasu sassan furotin na gudun ruwa su manne da juna. Ka tuna da ƙarangiya idan ta kama ƙafar wando. Ƙaya ɗaya ba ta riƙe komai, amma idan ƙayoyi da yawa suka shiga zare a lokaci guda sai ka tsaya ka cire ta da hannu. Haka kamun antibodi yake, kuma daga nan ne dukkan ƙa'idojin aiki suka fito. Tunda riƙon mai rauni ne, zafi da yawan gishiri da tsamin ruwa suna iya kwance shi. Tunda sai sun haɗu sun daidaita, yana buƙatar lokaci. Tunda siffa yake bi, wani abu mai kama da antijin ɗin yana iya shiga gurbin ya ba da sakamakon ƙarya.

Daga cikin jinsunan antibodi guda biyar, biyu ne za ka riƙa cin karo da su kullum. IgG gwafa ɗaya ce mai hannu biyu, tana zuwa daga baya a cikin rashin lafiya, tana daɗewa a jini, kuma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. IgM kuwa gwafa biyar ce aka ɗaure wuri ɗaya, mai hannu goma, ita ce ke fara bayyana idan cuta ta shiga, kuma girmanta ya sa ta fi iya haɗa ƙwayoyi da yawa su dunƙule.

Kafin ka buɗe kowane kwali, ka tambayi kanka ko gwajin antijin yake nema ko antibodi. Gwajin zazzaɓin cizon sauro da na HBsAg na ciwon hanta da na juna biyu duk antijin suke nema, wato wani abu na cutar ko na cikin da kansa. Yawancin gwaje-gwajen gaggawa na ƙanjamau da gwajin Widal kuwa antibodi suke nema, wato martanin da jiki ya mayar. Martani yana ɗaukar makonni kafin ya fito, kuma yana iya daɗewa bayan cutar ta wuce, saboda haka mutumin da ƙanjamau ya kama a makon jiya zai iya nuna babu, wanda kuma ya warke daga taifot tun bara zai iya nuna akwai.

Gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da zazzaɓin cizon sauro ta hanyar gwaji kafin a ba da magani, kuma tun daga nan wannan ɗan katin roba ya shiga kusan kowace cibiyar lafiya. A cikinsa akwai siririyar takarda ta nitiroseluloz wadda aka ɗora wa antibodi a wurare uku. Kusa da ramin jini akwai antibodi masu motsi da aka liƙa wa ƙananan ƙwayoyin zinariya masu launin ja, a layin T, wato layin sakamako, akwai wasu da aka kafe waɗanda ke kama wani ɓangare na antijin ɗin, sai antijin ya zama gada tsakaninsu da masu zinariyar har jan layi ya fito, a layin C kuma, wato layin da ke nuna katin ya yi aiki, akwai waɗanda ke kama antibodi masu zinariyar kansu. Yawancin katunan da ake amfani da su a nan suna neman furotin HRP2 ne, wanda ƙwayar Plasmodium falciparum ke fitarwa. Abin da ya sa ake iya ƙera miliyoyin katuna masu hali iri ɗaya shi ne dabarar da Georges Köhler da César Milstein suka fito da ita a Kambirij ta Ingila a 1975, ta samar da antibodi iri ɗaya tak daga zuriyar ƙwaya guda.

Fara da duba ledar: ranar ƙarewar wa'adi, da kuma ko ta huje. Kada ka buɗe ta sai mara lafiya yana gabanka, domin danshin damina yana lalata furotin da ke kan takardar. Rubuta suna da lokaci a jikin katin, ka sa safar hannu, sannan ka kama yatsa na huɗu na hannun hagu. Idan yaro ne, ka ce wa uwar, "Mama, riƙe mini hannunsa a nan, ki ɗan juya fuskarsa wajenki," domin yaron da ke fizge-fizge yakan sa a ɗebi jinin da bai kai ba. Goge yatsan da audugar sifirit, ka bari ya bushe da kansa, ka huda, ka jefa allurar cikin akwatin ƙarafa masu kaifi nan take.

Yawancin katuna mikrolita 5 na jini suke buƙata, kuma ɗan bututun ko madaukin da ke cikin kwalin an auna shi ne domin ya ɗauki daidai wannan. A nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya, domin mutum yakan ga kamar ƙarin jini zai ƙara tabbaci. Jini mai yawa yana rina takardar da ja ya ɓoye layin da bai yi ƙarfi ba, jini kaɗan kuma ba ya kawo isasshen antijin. Bayan jinin, ka riƙe kwalbar ruwan bafa a tsaye cak, ka ɗiga adadin ɗigon da takardar kamfanin ta faɗa a ramin da aka tanada. Wannan ruwa yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ya saki antijin, yana ɗauke da shi zuwa layukan, yana kuma riƙe gishiri da tsami a ma'aunin da kamun ke so. Na taɓa ganin ma'aikaci a wata ƙaramar cibiya yana ɗiga ruwan allura bayan bafar ta ƙare, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, saboda duk katin da ya bi ta hannunsa a ranar ba shi da wata shaida da za a dogara da ita. Ko bafar wani kamfani ba a sa wa katin wani.

Daga nan sai ka kunna agogo. Yawanci minti 15 zuwa 20 ne, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Idan ka karanta da wuri, antijin bai gama taruwa a layin T ba, idan kuma ka bari lokaci ya wuce sosai, takardar tana bushewa wani dishi-dishin layi na ƙarya ya bayyana. Ka fara duba layin C. Idan bai fito ba, gwajin ya lalace ko da layin T ya fito, sai a sake da sabon kati. Idan C ya fito, duk layin da ka gani a T, komai dusashewarsa, yana nufin akwai. Ka karanta a wuri mai haske, kusa da taga idan an ɗauke wuta.

Akwai iyakoki uku da ya kamata likitan da ka aika wa sakamako ya sani. HRP2 yana iya zama a jini na makonni bayan magani ya kashe ƙwayoyin cutar, saboda haka ba a amfani da wannan kati don tabbatar da warkewa. Idan ƙwayoyin cutar sun yi yawa matuƙa, antijin yana iya cika dukkan antibodi na ɓangarorin biyu daban-daban har gadar da ke haɗa su ta kasa ƙulluwa, layin ya fito da rauni ko ya ƙi fita ga mutumin da ya fi kowa jin jiki. Sannan an gano ƙwayoyin falciparum da ba su da gadon ƙera HRP2, da farko a Peru, daga baya a Iritiriya da yawa. Idan yaro yana kwance a galabaice kati kuma ya ce babu, a shafa jini a gilashi a duba a madubin likita.

Tantance rukunin jini

Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a Biyana ta Ostiriya a 1901, ta hanyar gauraya jinin abokan aikinsa da ruwan jinin juna, kuma hanyar da muke bi a yau ba ta yi nisa da tasa ba. Mai rukunin A yana da antijin A a bayan jajayen ƙwayoyinsa da antibodi na B a ruwan jininsa, mai B akasin haka, mai AB yana da antijin biyun ba shi da antibodi ko ɗaya, mai O kuma ba shi da antijin ko ɗaya yana da antibodi biyun.

Ɗauki farin tayil mai tsabta da ba shi da maiƙo, ka shata gida uku ka rubuta A da B da D, wato antijin ɗin da ke sa a kira jini fozitif idan akwai shi, negatif idan babu. Fito da kwalaben anti-A da anti-B da anti-D, wato antibodi masu kama waɗannan antijin, daga firji ka bari sanyinsu ya sake. Anti-A shuɗi ne, anti-B ruwan ɗorawa, anti-D kuma ba shi da launi, amma ka karanta rubutun jikin kwalba kada ka dogara da launi kaɗai. Ɗiga ɗigo ɗaya na kowanne a gidansa tukuna, sannan ɗigon jini a gefensa, domin idan ka fara sa jini ba za ka iya tabbatar da ko ka manta da wani ba. Gauraya kowane gida da tsinke na daban, ka baza shi kamar faɗin kwabo, ka riƙa karkata tayil ɗin a hankali har minti 2.

Dunƙulewa ta gaskiya tana kama da kunun da ya yi gudaji: jajayen guntaye suna yawo a cikin ruwan da ya washe. Inda babu kamu, jinin yana zama sumul, ja bai ɗaya. A lokacin hunturu ka yi hattara sosai, domin iskar Kaduna ta Disamba da Janairu tana busar da gefen ɗigo cikin ɗan lokaci, kuma busasshen gefe yana yin tsatsa-tsatsa mai kama da dunƙulewa. Ka kashe fanka, ka rufe taga, kada kuma ka karanta bayan minti 2. Haka nan jinin wasu marasa lafiya yana jera ƙwayoyinsa kamar an tara tsabar kuɗi, amma ɗigon ruwan gishiri na asibiti yana warware wannan jeri, alhali dunƙulewar antibodi ba ta warwarewa.

Tayil ya isa ga gaggawa da tantancewar farko, amma idan ƙarin jini za a yi, sai a bi hanyar kwalbar gwaji, a kuma yi gwajin juyi, wato a haɗa ruwan jinin mutumin da sanannun ƙwayoyin A da na B. Dole sakamakon biyu su yarda da juna. Idan suka saɓa, kada ka zaɓi wanda ya fi kwanta maka, ka sake daga farko da sabon samfur. Jarirai ne kawai ba a yi wa gwajin juyi, domin ba su fara ƙera nasu antibodi na A da B ba.

Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya wanda ke sa su tunkuɗe juna. IgM mai girma tana iya tsallake wannan tazara ta haɗa su, amma IgG takan manne a jikin ƙwayar ba tare da ta kai ga maƙwabciyarta ba, sai ido ya ga kamar babu abin da ya faru. Robin Coombs da abokan aikinsa Arthur Mourant da Robert Race suka magance wannan a 1945 da antibodi na biyu wanda ke kama antibodin ɗan Adam, ya zama gada tsakanin ƙwayoyin da aka lulluɓe. Kafin a sa shi sai an wanke ƙwayoyin da ruwan gishiri sau uku ko huɗu, domin ragowar ruwan jini kaɗan ya isa ya shanye shi. Da wannan gwaji ake gano antibodi na D a jikin uwar da ba ta da antijin D wadda ta ɗauki cikin jariri mai shi, matsalar da ake kauce wa da allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa.

ELISA

Idan samfura suka yi yawa, ko ana son a san adadi, sai a koma ga ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a Sitokhom ta Suwidin a 1971. Faranti ne na roba mai ramuka 96, an shafe kowane rami da antijin ko antibodi. Ana zuba samfur, a ajiye a zafin da aka ƙayyade, sau da yawa digiri 37, a wanke, a zuba antibodi na biyu mai ɗauke da enzayim, wato furotin mai sauya wani sinadari, a sake ajiyewa a sake wankewa, sannan a zuba sinadarin TMB wanda enzayim ɗin ke mayarwa shuɗi. Ruwan asid yana tsayar da aikin ya mayar da launin ruwan ɗorawa, na'ura kuma ta karanta a nanomita 450.

Wanki shi ne ran wannan aiki. Abin da ya kamu da gaske yana jure wanki, abin da ya ɗan manne kawai yana tafiya, kuma wannan bambanci shi ne sakamakon gaba ɗaya. Ka cika kowane rami, ka zubar, ka kife farantin ka buga shi a kan takarda mai tsotsa, ka maimaita adadin da aka ce ba tare da ragi ba, kuma kada ka bar ramukan su bushe tsakanin matakai. Ka sauya bakin fifet, wato bututun ɗibar samfur, ga kowane samfur. Idan ramukan shaida, wato waɗanda aka zuba wa samfurin da aka riga aka san akwai da wanda aka san babu, ba su faɗa cikin iyakar da kamfani ya gindaya ba, farantin duka ya tafi, komai tsadarsa.

Dunƙulewa a kan kati ma tana da gurbinta a tarihin Kaduna, inda Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore ta Najeriya take da mazauni. Gwajin CATT, wanda aka ƙirƙira a Antwerp ta Beljiyam, yana neman antibodi na ciwon barci ta wannan hanya, kuma wanda ya nuna akwai sai an ga ƙwayar cutar a madubi kafin a ba shi magani.

Gwajin Widal

Wannan gwaji ya fito daga hannun likitan Faransa Georges-Fernand Widal a 1896, kuma a ganina babu gwajin da ake zalunta kamarsa a garuruwanmu. Yana neman antibodi na antijin O da H na ƙwayar Salmonella Typhi. Mutanen da suka tashi a inda taifot ke yawo da yawansu suna da waɗannan antibodi ba tare da suna ciwo ba, wasu dangin Salmonella suna da antijin masu kama, kuma zazzaɓin cizon sauro kansa yana iya ɗaga su. Sakamakon samfur ɗaya a kan tayil ba ya tabbatar da taifot. Hanyar da ta dace ita ce a sirka ruwan jinin ninki bayan ninki a kwalabe, a sake ɗaukar wani samfur bayan kwana 7 zuwa 14, a ga ko ƙarfin ya ninka sau huɗu. Sirkawar tana kuma kare ka daga akasin abin da muka gani a katin zazzaɓi, domin a nan antibodi ne ke yin yawa har ya hana dunƙulewa a kwalaben farko. Inda hali ya samu, shuka jini domin a tsiro da ƙwayar cutar shi ne hujja, kuma ya fi kamawa a makon farko na zazzaɓi kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ajiya

Tunda duk waɗannan kayan aiki furotin ne, zafi yana sauya siffarsu yadda yake sauya farin ƙwai, kuma gurbin da ya lanƙwashe ba ya komawa. Anti-A da anti-B da anti-D da kayan ELISA suna zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a cikin gidan ƙanƙara ba, kuma ba a jikin ƙofar firji ba inda zafi ke shiga a duk buɗewa. Ka sa ma'aunin zafi a ciki ka rubuta karatunsa safe da yamma, idan kuma wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ka gwada kwalaben da sanannun ƙwayoyin A da B da O kafin ka taɓa jinin mara lafiya.

Katunan gaggawa ba sa buƙatar firji, amma da yawansu iyakarsu digiri 30 ce, wasu 40, kuma an rubuta a jikin kwalin. A Maris da Afrilu zafin Kaduna yana wuce digiri 35 a inuwa, ɗakin ajiya mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka nesa. Ka nemi ɗaki mafi sanyi a ginin, ka ɗora kwalayen a kan kanta ta ƙasa nesa da bango da taga, kada su taɓa siminti saboda danshi. Idan za a kai su ƙauyukan Birnin Gwari ko Kachia, a tashi da sassafe, a sa su cikin motar kusa da fasinja maimakon but, kuma idan direba ya tsaya sallah ko cin abinci ya nemi inuwa. Kowane sabon kwali da ya iso, ka rubuta lambar rukuninsa da ranar da ka buɗe shi a littafin ɗakin gwaji, ka kuma tura tsohon gaba domin a fara ƙarar da shi.